Tukunya a Layin Tsakiya

In ka ga irin kallon da nake yi wa Tertius a wurin shan shayi, kada ka ce mini in yi haƙuri. An ba ni haƙurin nan har ya gundure ni, kuma duk masu ba ni shi ba tukunyarsu aka kankare ba.

Sunana Zukiswa, injiniya ce ni a wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Parow a birnin Cape, bayan layin dogo. Oom Gys, wato Kawu Gys a yarensu, shi ne ya kafa shi tun ban san damana da haguna ba, kuma har gobe shi ke buɗe ƙofa da safe, duk da gwiwarsa ta daina yi masa biyayya. Aikinmu ƙera kayan cikin na'urorin da ake ɗaurawa a manyan farantan nan na hamadar Karoo masu sauraren saƙon taurari daga sama. Tertius shi ne shugaban sashenmu, dogo, mai jan wuya, mai son a ji muryarsa a taro.

Akwai wata al'ada a gidan da ta girme ni. Duk wanda ya zana allo, wato ɗan falankin da ake shimfiɗa wa hanyoyin jan ƙarfe, yana da ikon sa alamarsa a jiki, ita ma da jan ƙarfe, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa. Ba a rubuta suna. Oom Gys lofe yake zanawa. Tertius kifi, don duk Asabar yana bakin teku yana yi wa kifaye barazana da ƙugiya. Fagmie, mai kula da na'urorin awo, bai taɓa zana allo ba, amma ya ce ranar da ya zana, hoton surukarsa zai sa, don ba hayaniyar da za ta iya tsayawa a gabanta.

Tawa alamar tukunya ce mai ƙafa uku. Da irinta Mama ta yi ta dafa kayan ciki a tashar motocin Langa har na gama jami'a. Shekara da shekaru ina gyara allunan wasu, ina kallon lofe da kifi suna tafiya Karoo, tukunyata ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Mama ta san da al'adar, domin ni da bakina na gaya mata. Duk sanda na je gida sai ta tsokane ni, ta ce, “To injiniya, an ɗora tukunyar tawa a sama, ko har yanzu ana neman itace?” Sai in yi dariya in ce saura kaɗan, abin yana ci mini rai.

Sai aka kawo mana aikin rariya. Rariya ce ta saƙo, ta bar abin da ake so ya wuce ta tare sauran. Saƙon da ke zuwa daga sama ba shi da ƙarfin kirki, ga shi kuma injunan da ke juya farantin suna zuba wa wayoyi hayaniyarsu. Maganin da muka sani shi ne a yi wa saƙon hanya biyu a kan allo, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace madubin 'yar'uwarta. Saƙon da ake so, in ya hau a wannan sai ya sauka a waccan. Ita kuwa hayaniya ba ta da wannan tarbiyya, iri ɗaya take faɗa wa hanyoyin biyu. A ƙarshe sai a debe ɗaya daga ɗaya, hayaniya ta cinye kanta, saƙo ya fito fes. Sharaɗin guda ne, dole ɓangarorin biyu su yi daidai kamar sikelin mahauci mai tsoron Allah. In gefe guda ya ɗara da ko ƙwayar zarra, hayaniya ta samu ƙofa.

Ba zan ci haƙƙin Tertius ba, shi ya fara kawo fasalin. A kan takardar da aka naɗo mana kifi da dankali ya zana shi, ya turo mini ya ce, “Ga shi nan, Zuki, ki ƙarasa.” Daga nan ya koma yawon taronsa. Ƙarasawar nan ita ta cinye mini damina guda cur, ina gaban kwamfuta har idona ya fara ganin layukan jan ƙarfe a jikin bango.

Da na zo sa alama sai na ga allon ya yi ƙanƙanta, babu wani lungu da za a ajiye jan ƙarfe bai taɓa lissafi ba. Don haka na sa kifinsa a dama, tukunyata a hagu, suna kallon juna, na shigar da su cikin lissafin. Kifi da tukunya ba siffarsu ɗaya ba, dole a rage wani ya yi nauyin wani. Na cire wa tukunya murfi. Na gajarta mata mariƙi. Na yi ta aske ta har kwamfuta ta nuna sun yi daidai, shi kuwa kifin ko ƙaya ɗaya ban taɓa masa ba. Tukunyar uwata na rage don ta zauna lafiya da kifinsa, kuma a lokacin ban ji komai ba, gani nake haka zaman tare yake.

Ana gobe zan tafi Cofimvaba bikin dawowar ƙanena daga dajin kaciya, na tsaya a ƙofar ofishinsa na ce, “Tertius, zanen ya kammala, sai a tura wa masu bugawa. Kada a taɓa alamun nan, suna cikin lissafi.” Waya na maƙale a kunnensa, ya ɗaga mini hannu ya ce, “Eh, eh, a sauka lafiya.”

Na dawo na tarar allunan gwaji sun iso, har an rufe su a akwatunansu na ƙarfe an ɗaure da kusoshi. Fagmie ya ce Tertius da kansa ya ɗaure, abin da bai taɓa gani ba tun da aka halicci sukudireba. Lokaci ya ƙure, saƙon da ake so kawai suka auna, suka ga yana wucewa lafiya. Na so in buɗe ɗaya in ga tukunyata, Tertius ya ce an riga an liƙe, kada in jawo mana aiki. Na haƙura, wai don kada a ce ina ɗoki kamar yarinya da sabon takalmi.

Muka kama hanyar Karoo mu uku, ni da Tertius da Fagmie, a motar dizal ta kamfani, tunda ba a shiga wurin da mai fetur, tartsatsin injinta na dagula wa farantan saurare. A bakin ƙofa muka kashe wayoyi muka miƙa. Rana ta take, ba inuwa sai ta farantin, tumaki can nesa suna kallonmu. Dakta Mokgadi ce ta tarbe mu, wata gajeriyar mace mai faffaɗar hula, ita ce mai cewa an karɓi kaya ko ba a karɓa ba. Tun a gaisuwa Tertius ya fara. Rariyata kaza, dabarata kaza, da na zauna na yi tunani kaza. Ni aka gabatar da ni a matsayin wadda ta taimaka. Na haɗiye, na ce a raina ai allo ba ya ƙarya, ko ba jima ko ba daɗe wani zai buɗe akwatin nan ya ga alama biyu.

Fagmie ya haɗa wayoyinsa. Farantin na tsaye, layin da ke fuskar na'urar awo ya kwanta lumui. Tertius ya gyara hula ya kalli Dakta. Ita kuwa ta ce a tayar da injunan. Farantin ya fara juyawa, nan take layin ya tashi kamar bayan bushiya.

“A'a,” in ji Fagmie. “Wannan ba rariya ba ce, kwando ne.”

Aka canja waya, aka canja akwati, duk kanwar ja ce. Dakta Mokgadi ta cire tabarau ta ce, “A takardarku kun ce tana kashe hayaniyar da ta faɗo wa layi biyu tare. Ga injina, ga rariyarku. Wa zan yarda da shi?”

A nan ne Tertius ya yi abin da ba zan manta ba ko na tsufa na rasa haƙora. Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya ya ce, “Dakta, fasalin ba shi da matsala. Lissafin dalla-dalla ƙanwarmu ce ta yi, kin san masu tasowa, akwai ƙoƙari sai dai gogewa. Zan zauna da ita mu duba.”

Rariyar da da safe tasa ce shi kaɗai, ta lalace ta zama tawa kafin azahar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na fizge sukudireba daga aljihun Fagmie na ɗora akwatin a kan murfin mota.

Tertius ya ce, “Zuki, ba a buɗewa a nan, ƙasa za ta shiga.”

Na ce, “Ta shiga.”

Na kwance kusoshin na ɗaga murfi, na kara gilashin ƙara girma. Ga kifi a dama, ya baje jela. A hagu babu komai, fili fetal, ko inuwar tukunya babu. Ba kankarewa aka yi da reza ba, tun a cikin zanen aka goge ta kafin a tura bugawa. Mutum ya zauna a kujerarsa, ya buɗe aikina, ya zaɓi tukunyata ya share, sannan ya tashi ya je cin abinci.

Na ce, “Ina tukunyata?”

“Wace tukunya kuma? Muna gaban mutane.”

“Gaban mutanen nake so. Ina tukunyata, Tertius?”

Wuyansa ya ƙara ja. Ya ce, “Haba, ado ne fa kawai. Allon nan har ƙasashen waje za a nuna shi, sai a ga tukunyar girki a jiki? Me za su ɗauke mu?”

“Shi kifin digiri gare shi?”

Fagmie ya juya baya yana tari na ƙarya. Na miƙa wa Dakta Mokgadi gilashin na nuna mata, na ce jan ƙarfe a dama, babu a hagu, sikeli ya karkace, ta nan hayaniyar ke shiga. Ta duba ta daɗe, ta ɗago ta kalli Tertius daga hula har takalmi. Ta ce, “Ni rikicin gidanku bai dame ni ba. Ku kawo mini wadda ke aiki kafin mu rufe karɓar kaya, in ba haka ba akwai wasu a layi.”

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana sai Fagmie, shi ma da busasshen namansa yake yi. Da muka tsaya shan mai ya matso ya ce mini a hankali, “'Yar'uwa, wallahi ban sani ba. Da na sani da na ɓoye sukudireban tun a Parow.” Na ce na sani. Raina a ɓace yake, amma hankalina a kwance, don gyaran ba shi da wuya. Zanena na asali na nan, an riga an yi lissafinsa. A mayar da tukunya, a sake bugawa, shi ke nan. Na ɗauka ko makaho ya ga wannan.

Washegari Oom Gys ya kira mu ofishinsa. Ya sa an kawo shayi da biskit, wanda a gidan nan alama ce ta za a danne wani. Ya saurari Tertius, ya saurare ni, yana juya lofensa da likita ya hana shi kunnawa. Tertius ya ce shi bai san alamun na cikin lissafi ba, a duk allunan da ya sani ado ne a lungu. Na ce na gaya masa a ƙofar ofishinsa. Ya ce bai ji ba. Na ce ko bai ji ba, me ya kai hannunsa kan alamar wani? Ya ce shi ne shugaban sashe, shi ke da alhakin yadda kaya ke fita. Na ce alhakin nan ina ya shiga jiya da layi ya tashi?

Oom Gys ya ɗaga hannu. Ya ce, “Ya isa, yarana. Ni na kawo al'adar nan don a ji daɗin aiki, ba don a yi faɗa ba. Tunda ta zama fitina, na soke ta. Daga yau ba lofe, ba kifi, ba tukunya. Kowa ya yi asara daidai, ba wanda zai ce an fifita wani.”

Na ce, “Oom, daidai?”

“Daidai, 'yata.”

“Lofenka na Karoo. Kifinsa na Karoo, a faranti nawa ma ban sani ba. Tawa ce ba ta taɓa zuwa ba, ranar da za ta je aka sace ta a hanya. Yanzu an rufe ƙofa an ce kowa ya yi asara daidai?”

“Kada ki ce sata. Kalma ce mai nauyi.”

“Ba ta kai abin da aka yi nauyi ba.”

Na juya ga Tertius na ce masa ya buɗe baki ya faɗa wa Oom gaskiya, mayar da tukunya aikin minti ne, cire duka biyun kuwa sai an sake lissafin allon daga tushe, ga lokaci ya ƙure. Ya san haka sarai, injiniya ne ba ɗan kallo ba. Ya kalli ƙasan kofinsa ya ce, “Ni ina ganin shawarar Oom ta fi. A cire duka.”

Ka ji fa. Ya gwammace a kashe kifinsa da a ga tukunyata kusa da shi. A nan na gane ba mantuwa ba ce, ba kuma maganar ƙasashen waje ba ce. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba shi ba ne, tsohon nan ne da nake gani kamar uba, wanda ya ga an mari mutum ya ce da mai mari da wanda aka mara duk su ba juna haƙuri. Kuma wa zai sake lissafin? Oom ya dafa kafaɗata ya ce, “Ke kika san cikinsa, 'yata. Na san ba za ki ba mu kunya ba.”

Na fita ban taɓa shayin ba. Na je bayan gini inda ake tara kwalaye na tsaya ina huci, iskar Cape tana watsa mini yashi a fuska. Na yi tunanin ajiye musu makulli in kama gabana. To in na tafi, rariyar ta mutu ko wani ya ƙarasa, ta tafi Karoo ba tukunya, in koma Langa Mama ta tambaye ni itace. Na koma ciki na zauna gaban kwamfuta, ina danna madannai kamar su suka yi mini laifi.

Na goge kifin da hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Allo ya koma fili dama da hagu. Na zauna ina kallon layin tsakiya, inda ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Kowane ɗalibin wannan fanni ya san sirrin wurin nan. Saƙon da ake so, tunda yana hawa a dama yana sauka a hagu, a tsakiya ba ya nan sam, duk abin da ka ajiye a wurin bai san da shi ba. Hayaniya kuwa, da yake iri ɗaya take zuwa ta gefe biyu, a tsakiyar take taruwa. In ka sa mata wani ɗan jan ƙarfe a wurin, ka yi masa ƙafa zuwa ƙasa ta cikin 'yar ƙwayar da ke mai da wuta zafi, sai ya shanye ta tun ba ta kai ƙarshen hanya ba. Mutane kan yi shi murabba'i ko siriri kamar tsinke, don shi ya fi sauƙin lissafi. Ba inda aka rubuta cewa dole sai haka. Abin da ake buƙata kawai damansa ta yi daidai da hagunsa, kuma ya kasance da ƙafa a tsakiya.

Na zana ta cikakkiya. Na mayar mata da murfinta, na mayar da mariƙinta yadda yake, ban aske mata komai don kowa ba. Ƙafar tsakiya na ja ta zuwa ƙasa. Sauran allon na gina shi a kanta, ta yadda rabin aikin kashe hayaniyar ita ke yi. Wannan karon ni na tura zanen da kaina, ni na je na karɓo allunan, kuma ba wanda ya ɗaure kusa ko ɗaya ba a gabana ba.

Ranar gwaji a kamfani Fagmie ya haɗa injin da muke kwaikwayon hayaniyar farantin da shi, ya murɗa shi sosai. Layi ya kwanta, ko gezau. Ya ƙara murɗawa har injin ya fara kuka, layi bai motsa ba, ya ma fi na zanen farko kwanciya. Fagmie ya ce, “Kai! Wannan ko surukata aka jona mata sai ta yi shiru.” Oom Gys ya yi dariya har da buga sanda. Sai Tertius ya ɗauki gilashi ya sunkuya kan allon, na ga bayan wuyansa yana canja launi.

Ya ce, “Oom, zo ka gani. An ce ba alama.”

Oom ya duba, dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, “Zukiswa, me muka yi da ke?”

Na ce, “Ba alama ba ce, Oom. Kayan aiki ne.”

Tertius ya ce, “Kayan aiki mai murfi da mariƙi? Rainin hankali ke nan. Ado ne kika liƙa a tsakiya don kin san ba ya taɓa saƙo a wurin.”

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko reza na ajiye a gabansa. Na ce, “In ado ne kankare ta. Ai ka saba.”

Da ya yi shiru ya buɗe zanen ya duba, da ya ga inda ƙafar ta nufa. Amma ido ya yi masa yawa, masu liƙi da masu ɗaure kaya duk sun bar aikinsu sun zagaye mu. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ɗauki rezar ya sa a ƙafar tsakiya ya ja. Bai ko ɗaga hannu ba layin ya yi tsalle ya cika fuskar na'ura.

Fagmie ya ce, “Inna lillahi. Ka karya mata ƙafa, miya ta zube.”

Ba wanda ya yi dariya. Na buɗe jakata na ciro wani allon, na miƙa wa Fagmie ya jona, layi ya koma ya kwanta. Na ce, “Akwai saura a jaka, in hannunka bai gaji ba.”

Oom Gys ya zauna a kan kujerar awo yana murza gwiwa. Na san lissafin da yake yi, lokacin Dakta Mokgadi ya kusa cika, ba halin sake zane, kuma abin da ke gabansa yana aiki. Da ya buɗe baki sai ya sake ba ni haushi, don har yanzu sulhunsa yake nema. Ya ce, “To shi ke nan, tukunya ta zauna. Amma 'yata, don a zauna lafiya, a samar wa kifin wuri shi ma. Ai shi ya kawo fasalin.”

Na ce, “Shi ya kawo, Oom, ban taɓa musu ba. Shi ya sa na ba shi wuri tun farko, har na rage tawa don tasa. Yanzu layin tsakiya ɗaya ne, kuma an ɗora girki a kai. In kifi zai shiga sai dai a gefe, kuma ka ga abin da gefe ɗaya ke jawowa. Duk abin da zai zauna a dama sai an samu wanda zai zauna masa a hagu, ya yarda a aske shi har su yi daidai.”

Oom ya ce, “To a sa wani abu a hagun mana.”

“Alamar wa? Tawa tana da wuri. Ya nemo wanda zai tsaya masa.”

Oom ya ɗaga kai ya dubi mutanen da suka zagaye mu. Akwai masu zane biyu a cikinsu, kowanne da alamarsa da bai taɓa samun kaiwa Karoo ba, kuma da a ce wata uku baya ne da sun yi rububin wannan dama. Ɗaya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Ɗayar ta ce ta bar ƙarfen liƙi a kunne, ta wuce. Oom ya dubi lofen da ke hannunsa, na ga kamar zai ce a sa shi, sai ya mayar da shi aljihu.

Rariyar ta tafi Karoo, Dakta Mokgadi ta karɓa. Tertius na nan a kujerarsa, har yanzu shi ne shugaban sashe, kuma har yanzu bai ce mini ya yi kuskure ba. Oom Gys ya daina ce mini 'yata, Zukiswa yake kirana, kamar ni na ɓata masa gida. Wannan yana yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa, kuma shi ya sa fushin ya ƙi sauka.

Allon da Tertius ya yanka na kai wa Mama a Langa, tare da gilashin. Ta kara a ido ta daɗe tana kallo a bakin taga, ta ce ƙafa ɗaya ta karye. Na ce wannan ce kawai, sauran suna can sama da ƙafafunsu. Ta ce, “Wa ya karya?” Na ce wani ne a wurin aiki. Ta goge allon da bakin zaninta ta ce, “Bai taɓa ɗora girki ba ke nan.”

A zanen da ke kwamfutata na bar fili a dama da hagu, daidai girman kifi, ban sa komai ba. Tertius ya san da shi, kowa a gidan ya sani. An yi bugu na biyu, an yi na uku, har yau bai samu wanda zai tsaya masa a hagu ba.